Injin da ke Tsayawa in An Firgita

Duk yaron da aka kawo mini koyon aiki, kafin ya cika wata guda ya gama yanke hukunci cewa sana'ar tamu ba wuya. Ya ga an sayo inji wurin mutanen Kano, an yanka ƙarfe, an yi walda, an ɗora kan markaɗe, an ja bel, an shafa fenti. Sai ya fara tafiya yana buɗe hammata, yana tunanin ranar da zai kafa tasa rumfar. Ni ba na hana shi. Nakan bar shi ya haɗa inji guda daga ƙasa har sama, in ya gama ya tsaya yana jiran yabo, sai in yi masa tambaya ɗaya: in matar da za ta yi aiki da wannan ta firgita, ina hannunta zai je? Har yau ban sami wanda ya amsa a karon farko ba. Wani ma dariya yake yi, yana zaton tsufa ne ya fara taɓa ni.

Ni ne Habu mai inji, na Kara-Kara a nan Zinder. Injin niƙa da na markaɗe nake haɗawa tun gemuna yana baƙi. Tambayar nan kuwa ba ni na ƙirƙiro ta ba, gadonta na yi.

Wurin Maigida Kyari na koyi aiki, a Zango. Babarbare ne, gajere, ba ya maimaita magana. Na daɗe a rumfarsa ba abin da nake taɓawa sai magagari da tsintsiya, sannan aka ba ni zarto, sannan guduma, can da nisa aka yarda na riƙe ƙarfen walda. Ranar da na haɗa injina na farko, ya zagaya shi ya duba. Sai ya kwance rawaninsa ya ɗaure mini ido da shi, ya sa aka tayar da injin, ya zagayo ta bayana ya buga kwano a saitin kunnena, ya daka tsawa: "Kashe!" Na shiga lalube. Hannuna ya faɗa kan salansa mai zafi, na yi ihu, injin yana ta rurinsa. Ya kwance mini ido ya ce, "Kai da ka haɗa shi ke nan. To wanda ya saya fa?" Tabon yana nan a tafina, kuma ban taɓa jin haushinsa ba. A wurinsa na koyi cewa hannun tayarwa da na kashewa ba sa zama iri ɗaya a tafin mutum, ɗaya dunƙulalle ɗaya mai faɗi, don a gane su ko ba a duba ba. Abin da aka ja sama ya ƙara, abin da aka danna ƙasa ya rage, kada ka juya wa mutane wannan don kawai ƙarfen da ke hannunka ya fi sauƙin lanƙwasuwa ta ɗaya gefen. Allah ya jiƙan Maigida, ya sa ya huta.

Da na buɗe tawa rumfar sai na gano wani abu game da masu saye. Namiji ne ke zuwa ciniki, mace ce ke tsayawa gaban injin. Shi zai tambaye ka ƙarfin doki nawa ne, man gazuwal nawa yake sha, fentin ba ya tashi. Ba zai taɓa tambayar tsawon mazubi ba, alhali wadda za ta ɗaga ƙwarya ta juye a ciki ƙila ba ta kai kafaɗarsa ba, ga goyo a bayanta, ga mayafi yana lilo kusa da bel. Saboda haka na koyi tambayar wa zai yi aiki da shi. Wasu sukan ɓata rai, wai ina ruwana da iyalinsu. Nakan ce ba sunanta nake nema ba, tsawonta nake nema.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ba fari ne ya kawo ta ba. An ma sami gyaɗa sosai a shekarar. Labari ne ya fito daga Hamdara cewa injin markaɗe ya cinye wa wata mata yatsu. Kafin labarin ya iso Zinder yatsun sun zama hannu, kafin ya kai Damagaram Takaya an ce matar ta mutu. Masu gida suka hana matansu zuwa inji, ƙungiyoyin mata da suka yi niyyar saye suka fasa. Duk masu sana'armu muka koma waldar ƙofa da gado da gyaran amalanke. Injin ba na kowa ba ne a cikinmu, a haɗe aka sayo shi daga nesa, amma wa zai tsaya bambancewa. Inji dai inji ne.

Ina cikin waldar wata ƙofa wata tsohuwa ta tsaya a bakin rumfa, doguwa, mai jiki, da carbi a wuya. Ta jira har na kashe wuta, sannan ta gaishe ni da Barbarci.

"Wushe, ɗana. Kai ne Malam Habu mai inji?"

Na ce ni ne, na ba ta benci. Ta ce sunanta Ya Gaji, ita ce shugabar matan Hamdara masu man gyaɗa da ƙuli, kuma ita ce ta sa su suka haɗa hannu suka sayi injin da ake magana. Na yi saurin cewa:

"Inna, ni fa ba ni na ƙera shi ba."

"Na sani. Da kai ka ƙera shi, ba da gaisuwa zan fara ba."

Ta ce matar tana nan da ranta, sunanta Zainabu, manuniya da ɗan tsakiya na hannun dama ne suka tafi. Mazan gari sun zauna sun yanke shawara a sayar da injin da zarar an gama kai amfanin gona gida, mata su koma turmi. Mijin Zainabu, Malam Lawali, ya ce ko inuwar injin ba za ta sake takawa ba.

"To mu masu hannu mu koma turmi," in ji ta. "Ita fa? Taɓarya ba ta riƙuwa da abin da ya rage mata. Ta gwada, ina kallo, sai ta suɓuce. Ƙulin nan shi ke riƙe gidanta daga bazara har sabon hatsi ya fito. Duk garin ba wadda ta kai ta bukatar injin nan, kuma ita ya ciza. Ka zo ka gyara shi yadda zan iya kai ta gabansa in tsaya ina kallon idon mijinta."

Ban ce zan iya ba. Na ce zan zo in gani.

Na tarar da injin a wata rumfar zana, an lulluɓe shi da tsohuwar tabarma. Ban taɓa shi da ko sufana ba. Na roƙi Ya Gaji ta tara mini matan su yi mini aikin kamar yadda suka saba, amma injin a kashe. Matan aure ba su sami izini ba, sai tsofaffi da zawarawa suka zo, waɗanda ba mai hana su. Zainabu ta zo ta zauna can nesa a gindin bishiyar bedi, hannunta cikin mayafi. Suka yi ta dariya, wai ɗan birni ya zo kallon wasan yara. Na ce su yi dai.

Na tsaya ina kallon hannayensu. Kowace ta riƙe ƙwarya da hagu, ta tura soyayyar gyaɗa cikin maƙogwaron inji da dama. Ba wadda ta yi akasin haka, don ba macen da za ta sa hagu a abin da mutane za su ci. A cikin maƙogwaron nan akwai ƙarfe mai murɗa-murɗa da ke jan gyaɗa zuwa haƙora, kuma yatsa yana iya kai masa. Makashin injin kuwa yana dama, can baya. Wato hannun da ake so ya kashe inji shi ne hannun da injin zai kama. Wanda ya ƙera shi ya sa makashi a dama don yawancin mutane da dama suke aiki, kuma bai yi ƙarya ba. Bai dai taɓa tsayawa ya ga yadda ake markaɗe a garinmu ba.

Na tambaye su, ranar da abin ya faru ba kowa a wurin? Suka ce rumfar cike take. To me ya hana wata ta zagaya ta kashe? Suka kalli juna. Wata ta ce, "Ai ba a taɓawa. Sale ne ke kashewa. Shi muka ruga kira." Sale shi ne magidancin da suka ɗauka yana tayar musu da injin, ranar ya tafi ɗebo ruwan da ake zuba wa injin don kada ya yi zafi. Na same shi a gida, duk ya rame. Ya ce, "Malam, tayar da injin nan kafaɗa ce. In kowace ta kashe don wani abu ya faɗa ciki, ni ke kwana da ciwo. Shi ya sa na ce kada a taɓa. Wallahi ban san haka za ta faru ba." Na yarda da shi. Na murɗa hannun injin da kaina na ji abin da yake ji. A nan na gane cewa muddin tsayar da inji yana jawo wa wani wahala, to za a sami wanda zai hana a tsayar.

Gyaran farko da na yi, na bar injin ya ci gaba da ruri, na sa wani ɗan puli da ke matse bel. In an sake shi bel ya yi sako-sako, kan markaɗe ya tsaya, Sale bai murɗa komai ba. Na haɗa shi da dogon hannu a gefen hagu, na shafa masa jan fenti, na yi ta jin daɗin kaina. Muka tayar da inji, tsofaffin suka hau aiki, ni kuma na koma bayansu da kwano da ƙarfe irin na Maigida Kyari. Na buga. Ba wadda ta taɓa jan hannun. Na sake, haka. Wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, abu ja ai na kar-a-taɓa ne. Kwalbar maganin ƙwari ma ja suke sa mata." Wata ta ce ita ko da fari ne, ba za ta saki ƙwarya cike da gyaɗa ta zube ba. Gaskiyarta kuwa, da na buga kwanon ƙanƙame ƙwaryar ta ƙara yi.

Na zauna a kan turmi. Sai na ji murya daga gindin bedi. Zainabu ce, karo na farko da ta yi mini magana.

"Malam, ni ranar ban nemi komai ba. Ban tuna da makashi ba, ban tuna da Sale ba. Baya na yi. Jikina duk ya yi baya, hannun ne kawai bai biyo ni ba."

Sannan na tuna cewa duk tsofaffin da na buga wa kwano, abu ɗaya suka yi: tsalle da baya. Ina ta neman in koya musu abin da za su yi in sun firgita, ashe jikinsu ya riga ya zaɓa. Abin da ya rage mini shi ne in sa injin ya ji wannan tsallen.

Na koma Zinder na ƙero feda irin ta keken ɗinki. In an taka, bel ya matsu, markaɗe ya tafi. In an ɗaga ƙafa, sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfe mai tsalle, ya ja pulin baya, wani guntun taya ya dafe kan markaɗen ya tsaya cak. Na ƙara wa maƙogwaron tsawo yadda yatsa ba zai kai ƙarfen ba, na ɗaure muciya da igiya a gefen dama don turawa, na rufe bel da raga saboda mayafi. Muka gwada, ya yi. Na bar musu su saba da shi. Da na dawo dubawa, tun daga nesa na ji markaɗe yana tafiya, na shiga na ga ba ƙafar kowa a kan feda. Wani ƙaton dutse ne a kai.

"Wa ya ɗora wannan?"

Can Ya Gaji ta gyara carbinta ta ce, "Ni ce. Ƙafata ta gaji, ɗana. Kai ka taɓa wuni a kan ƙafa ɗaya?"

Ita da ta yi tattaki har Zinder don a tsare hannun mata, ita ta ɗora dutsen. Na rasa faɗa zan yi ko dariya. Amma ta yi mini alheri, don da ba ta ɗora ba wata za ta ɗora bayan na tafi. Duk abin tsaron da ke gajiyar da mutum, komai hankalinsa, wata rana sai ya nemo masa dutse.

Na cire fedar. Na haƙa ƙasa a gaban injin na shimfiɗa katako daidai da daɓe, yadda mai aiki za ta tsaya a kansa da ƙafa biyu kamar yadda take tsayawa a tsakar gidanta. Nauyinta ne ke matse bel, ba ƙarfinta ba. Wahalar tana wurin sifirin. Na yi ta ɗaurewa ina sassautawa har ya zama mafi ƙarancin jiki a cikinsu tana tayar da shi, amma yaro ko dutsen da mace za ta iya ɗauka ba sa tayarwa. Faɗinsa kuma na mutum ɗaya ne, in ka ɗora buhu a kai ka rasa wurin tsayawa. Na nuna wa Ya Gaji na ce ta nemi hanyar cutarsa. Ta zagaya, ta gwada, ta ce, "Ka rufe mini ƙofa."

Ranar da mazan suka zo gani, an riga an kai gero rumbu, mai sayen injin ma an ce ya aiko. Suka cika bakin rumfa, mata suka tsaya ta baya. Na yi bayani, tsofaffi suka hau suka sauka, aka ga yana tsayawa. Wasu suka gyaɗa kai. Malam Lawali, mijin Zainabu, bai gyaɗa ba. Mutum ne siriri mai natsuwa, kuma da ladabi ya yi magana.

"Malam, ba raina aikinka na yi ba. Amma waɗannan sun san za su sauka, shi ya sa suka sauka. Ranar nan ma akwai makashi a jikin injin. Mutum in ya firgita mantuwa yake yi. Ni na kai ta likita da hannuna, na ga abin da na gani. Ba zan sake ba."

Na ce gaskiya ya faɗa, shi ya sa wannan ba ya bukatar a tuna da komai. Ya ce wannan a baki ne. Na ga maganar tana neman ƙarewa a nan. Sai Ya Gaji ta ce, "Lawali, hau ka ji da ƙafarka, kada ka yanke hukunci a kan abin da ba ka taka ba." Ba ya iya yi mata musu, ƙawar mahaifiyarsa ce. Ya tuɓe takalmi ya hau. Markaɗe ya tashi. Aka miƙa masa ƙwarya da muciya, ya fara turawa a ɗarare, maza suna yi masa tsiya wai aikin ya karɓe shi. Ta bar shi har hankalinsa ya tafi kan gyaɗar. Sannan ta kurma ihu:

"Kunama, Lawali! A ƙafarka!"

Ban taɓa ganin tsalle irin wannan ba. Hularsa ta yi gabas, shi ya yi yamma, ya faɗa jikin zana. Wurin ya kece da dariya, har da masu riƙe ciki. Shi bai yi dariya ba. Ya duba ƙafarsa, ba kunama. Ya ɗago ya dubi injin. Yana ta rurinsa, amma kan markaɗen ya tsaya cak, muciyar tana tsaye a maƙogwaro inda ya sake ta. Ya matso ya hau katakon, markaɗe ya tashi. Ya sauka, markaɗe ya tsaya. Ya yi ta yi har dariyar ta mutu, kowa ya zuba masa ido. Sannan ya zaro muciyar, ya goge mariƙinta da bakin rigarsa, ya ce wa Ya Gaji ba tare da ya waiwaya ba, "Inna, a ce mata ta zo."

Zainabu ta taso daga gindin bedi. Ta fito da hannun daga mayafi a gaban kowa, ta karɓi muciyar, ta saƙale ta tsakanin babban yatsa da biyun da suka rage. Ta yi bisimilla ta hau. Na ji daɗi ranar har na kasa cin tuwon da aka kawo mini.

Ba a sayar da injin ba. Labarin kunama ya bi hanyar da labarin yatsu ya bi, ya kuma fi shi gudu, don mutane sun fi son abin dariya. Aiki ya dawo mana. Tun daga lokacin ba injin markaɗen da ya fita rumfata ba katako a gabansa. Abokan sana'a suka zo suka auna suka kwaikwaya, wasu ko sannu ba su ce ba, ni kuwa har shayi nake ba su. Ba nawa ba ne balle in yi rowa. Maigida Kyari ya ba ni tambayar, Ya Gaji ta ba ni dutse, Allah ya jiƙanta ita ma, Zainabu ta ba ni amsa. Ni walda kawai na yi, kuma na gode Allah da ya sa ni a tsakaninsu.

Yanzu injuna sun canza. Akwai na lantarki, akwai masu aiki da hasken rana, maɓallai a jere kamar alewa, duk girma ɗaya, an rubuta musu Faransanci a ƙasa. Ku yara kuna son su don suna da kyan gani. Ban hana ba. Amma wadda za ta tsaya a gabansu ba ta canza ba: har yanzu da dama take taɓa abinci, har yanzu ba ta sakin ƙwarya, har yanzu in ta firgita baya take yi.

Duk shekara in sabuwar gyaɗa ta fito, Zainabu takan aiko mini da ƙuli cikin kwano, irin wanda ake matsewa a tafin hannu kafin a soya. Ni haƙorana sun daina iya masa, nakan ajiye a kan benci, yaran rumfa su yi ta ɗiba suna surutu. Bana ma ya zo. Wani sabon yaro da ya gama haɗa injinsa na farko, na yi masa tambayar ya kasa, ya koma benci yana gunaguni yana tauna. Na ce kafin ya kai na gaba baki, ya juya shi ya dubi sawun yatsun da ke jiki. Ya juya, ya duba, ya ɗauki wani ya sake dubawa. Ƙulin kowa sawu huɗu gare shi. Wannan biyu ne.

Ya ajiye ƙulin a hankali, ya tashi ya koma gaban injinsa, ya rufe ido, ya fara lalube.